Hayaƙin da Ba Shi da Wari

Unguwar Yalwawa, Dutse.
Watan Sha'aban.

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata, Yaya Safiyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya lau. Yaya jikin maigidanki Malam Modibbo? Hannun da ya shanye ya fara ɗaguwa kuwa? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Yaya 'yarki Bilki da karatu, yaya mutanen Ringim baki ɗaya?

Na san za ki ce Munira ta fara iyayi, ga waya a hannu amma sai takarda. To ai laifin kunnenki ne. In na kira ki sai na yi ta ɗaga murya kina cewa me na ce, har duk Yalwawa su ji sirrina ke ba ki ji ba. Maganar da ke bakina kuwa ba ta ihu ba ce, shi ya sa na ba Barau direba ya miƙo miki.

Yaya, ina da juna biyu, ya shiga wata na huɗu. Na so a ce da murna zalla zan faɗa miki, amma wallahi tsoro ya fi murnar yawa.

Kin dai san halin da ɗanki Fahad yake ciki. Ya haura shekara uku, har yau daga "Abba" sai "ruwa", sauran duk nuni ne da jan zani. Ga Jemimah, 'yar maƙwabciyata Juliana, shi ya girme ta, amma tana zuba kamar rediyo, Hausa da Turanci har da yarensu na Jos. In suna wasa a tsakar gida sai na juya baya don kada a ga idona.

Ita Julianar ma'aikaciyar jinya ce, ita ta tayar min da wannan hankalin. Ran nan ta shigo aron turmi ta tarar da ni a kicin ina soya turaren wutar da aka ba ni aikinsa na azumi da Sallah. Na rufe ƙofa da taga kamar yadda kika koya min don kada iska ta kwashe ƙamshin, sukari yana narkewa a kan hawi da sandal, ga kasko a gefe ina gwadawa. Ta yi ta tari har da hawaye, ta kamo hannuna ta jawo ni waje tana faɗa kamar ta kama 'yarta da wasan ashana. Ni kuwa dariya na yi, na ce mata wannan ai ƙamshi ne, hayaƙi yana can wajen masu ƙosai.

Da na je awo sai ga babbar nas tana yi mana wa'azin abu ɗaya. Ta ce hayaƙin itace, da na gawayi, da maganin sauro na kunnawa, har da turaren wuta, duk abin da mai ciki ta shaƙa yana bin jini ya isa ga ɗan da ke ciki, yana iya rage masa girma, yana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Matan da ke wurin suka yi ta guna-guni. Ni dai ban yi guna-guni ba, don kin san lokacin cikin Fahad ina bakin kaskon nan har ranar da naƙuda ta kama ni.

Na daure na tambayi likita ko shi ne ya hana yaron magana. Ya ce ba zai iya rantsuwa ba, dalilan jinkirin magana suna da yawa, wasu yaran ma daga baya bakinsu yake buɗewa. Na gode masa na fito. Amma Yaya, cewa ya yi ba zai rantse ba, bai ce min a'a ba, kuma a kan wannan nake kwana nake tashi.

Ke kika raine ni tun rasuwar Inna, ke kika sa min sana'ar nan a hannu, da ita nake rufa wa kaina asiri. Ki faɗa min yadda zan yi. Ba na son na sake haihuwar ɗan da zan yi ta kallon bakinsa ina jira.

Abban Fahad yana gaishe ku. Ga dabino nan a leda, na Malam ne, kada Bilki ta cinye.

Taki ƙanwar,
Munira.


Unguwar Yalwawa, Dutse.
Bayan Ƙaramar Sallah.

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu ya maimaita mana. Yaya mai jiki? Saƙon albasa da tumatir ya iso, mun gode, Allah ya bar zumunci. Na ji amsar da kika bayar ta bakin Barau, wai in kwantar da hankalina in yi ta addu'a. Addu'ar ina yi, kwanciyar hankalin ce dai ta gagara.

Bari na ba ki labarin baƙon da muka yi. Abban Fahad ya gaji da ganina ina zuru, sai ya je Kano ya sayo wani injin tace iska, ɗan Kwatano, wanda Juliana ta kwatanta masa. Tsayinsa kamar ƙaramin turmi, fari, ana jona shi da wutar lantarki. Yana zuƙar iskar ɗaki ta baya, ta bi ta cikin wani matankaɗi mai kauri, ya huro ta ta sama a wanke. A goshinsa akwai wata 'yar fitila. In iskar tana da kyau sai ta nuna kore, in ta fara ɓaci ruwan ɗorawa, in ta ɓaci sosai ja. Sharaɗinsa guda ne, a rufe ƙofa da taga in yana aiki.

Ranar da aka kawo shi na ce bari na yi wa baƙo maraba. Na ɗebo garwashi a kasko, na zuba hawi mai kyau, irin wanda nake ware wa amare. Kafin na ajiye murfin kwalbar fitila ta yi jawur, injin ya kama gurnani kamar zai tashi sama. Na ce shi ke nan, an cuci Abban Fahad, mutanen kasuwa sun haɗa shi da lalatacce. Don na tabbatar masa, washegari da kwatar bayan gida ta toshe tana bugo wari har falo, na nuna masa fitilar tana nan koriya shar abinta. Injin da ba ya bambance ƙamshi da ɗoyi ai ba inji ba ne.

Juliana ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce shi ba hanci gare shi ba, ƙananan ɓurɓushin da ke yawo a iska yake gani, kuma huhu bai san tsadar turare ba. Ta buɗe bayansa ta nuna min matankaɗin, wurin da ya fara yin toka-toka a 'yan kwanakin nan kaɗai. Ta ce da ba ya nan, a ƙirjina wannan zai zauna.

To na ajiye sana'a. Ragowar aikin Sallah na miƙa wa wata a unguwar Takur ta ƙarasa. Masu saye suna ta yi min tsiya, wata har cewa ta yi gidan mai turare ya koma warin daddawa. Su faɗa, bakinsu ne. Na daina girki da gawayi, mun koma gas ko da ana maneji. Maganin sauro na kunnawa kuwa ranar da Abban Fahad ya shigo da shi sai da muka kwana ba ma magana, yanzu gidan sauro muke ɗaurawa.

Sai dai wani abu ya same ni da ban san sunansa ba. Idona ba ya barin fitilar nan. Ina sallah ina satar kallonta, Allah ya yafe min. In ta yi ruwan ɗorawa sai na dafe ciki ina ba abin da ke ciki haƙuri. Ga wani maƙwabcinmu ta baya da ya mayar da ƙona shara kamar farilla, leda da tsumma da komai. Na aika an roƙe shi, ya ce tun kafin a haife ni yake ƙona shararsa. Na leƙa ta katanga na faɗa masa maganar da ba zan rubuta a nan ba.

Shi kuwa Fahad ya samu aboki. Sai ya zauna a gaban injin ya sa fuska a iskar yana kwaikwayon ƙararsa. Ko wannan ma na ce alhamdu lillahi, sauti ne dai yake fitowa.

Yanzu ga roƙona, kuma don Allah kada ki ɗauke shi da zafi. Na san in Allah ya sauke ni lafiya ke za ki zo wankan jego kamar na Fahad. Ruwan zafi zan yi, kunun kanwa zan sha, duk abin da kika ce. Amma ban da kaskon gawayi a ɗaka, ban da turaren tsuguno, ban da rufe mu da jariri cikin hayaƙi don gudun sanyi.

A gaida Malam da jiki, a shafa min kan Bilki.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Munira.


Unguwar Yalwawa, Dutse.
Watan Zulƙida.

Yaya Safiyatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jikin Malam. Takardarki ta iso, na karanta ta sau ɗaya na kife, don ban iya maimaitawa ba.

Haba Yaya! Ni ce na zama 'yar boko mai bautar akwati? Ni ce na raina hannun da ya raine ni? Kin ce mu duk a cikin hayaƙi aka haife mu kuma ga mu nan da ƙafafunmu, kin ce Inna tara ta haifa a ɗaki da kasko. Gaskiya ne. To cikin taran mu nawa muka rayu? Ke kika wanke biyu daga cikinsu da hannunki, ke kika ba ni labari. Tarin da Inna ta yi ta yi har ta koma ga Allah kuma fa, wanda ake cewa sanyi ne? Ban ce na san dalili ba. Amma kada a ce min ga mu nan, don waɗanda ba sa nan ba su da bakin magana.

Da na rubuta wannan na so na yage takardar, sai na ga gara ki san abin da ke raina. Ki yafe min zafin bakin. Kin san duk duniya ba ni da uwar da ta wuce ki.

Rubutun da kika karɓo wa Fahad wurin wani malami ina ba shi safe da yamma, yana sha ba gardama. Amma ƙullin garin da kika ce a zuba a garwashi a lulluɓe shi da zani ya shaƙa, wannan kam yana nan a ƙulle yadda ya zo. Ba zan iya ba. In kin so na ba Barau ya dawo miki da shi.

Cikin ya shiga wata na bakwai, yana motsi sosai, musamman in na sha ruwan sanyi. A awo sun ce komai daidai, sai dai ɗan bai kai girman da suke so ba. Kalmar nan ta hana ni sakat. Abinci nake turawa ko ba na so.

Zafin bana kuwa sai wanda ya gani. Duwatsun garin nan in suka sha rana sai su yi ta huro mana ita har bayan isha'i. Ga wuta ta zama sai an ga dama, wani lokacin a yi kwana da kwanaki ba a kawo ba. Injin sai ya zauna shiru fitilarsa a mace, ni kuma na zauna ina kallonsa, ban san abin da nake shaƙa ba. Na rame har Abban Fahad ya tsorata, ya je ya samo ƙaramin janareta don injin da fanka. Bawan Allah, na san ba ƙaramin matsi na sa shi ba.

Da farko a waje muka ajiye janaretan, an ɗaure da sarƙa a jikin ƙarfen taga. Sai ga shi ɓarayi sun addabi layinmu. Na Davou mijin Juliana da rana tsaka suka yanke sarƙar suka ɗauke, suna coci. Shi ne muka shigo da namu lungun nan da ke tsakanin kicin da ƙofar baya, kin san wurin, inda nake jera kwalaben turare a da. In an tayar da shi sai a bar ƙofar baya a buɗe hayaƙin ya fita. Ƙarar dai ta ishi mutum, amma wallahi in na ga fitilar nan ta koma kore sai na ji kamar an sauke min dutse daga ƙirji.

Don haka ki daina cewa na haukace. Ina yin iya abin da zan iya ne, sauran na bar wa Allah. Ki sa ni a addu'a ko da kina fushi da ni.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Munira.


Unguwar Yalwawa, Dutse.
Ƙarshen Zulƙida.

Yayata, uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin isa gida lafiya, kin tarar da Malam da sauƙi. Ki ba shi haƙuri a madadina, na raba shi da mai jinyarsa. Ki gode wa Bilki da ta riƙe gidan.

An sallamo ni, ina gida. Duk zamanki a asibiti ba ki tambaye ni yadda aka yi ba, ni ma na kasa buɗe baki. Kin zauna a gefen gado da mafici a hannu kina yi min fifita har hannunki ya gaji ki sauya ɗayan, ba ki ce ai na faɗa miki ba, ko da ido. Da kin zage ni da ya fi min sauƙi. To bari na faɗa miki a takarda, tunda a nan bakina yake buɗewa.

Ranar Asabar ce. Abban Fahad ya tafi ɗaurin aure Garki, ya tayar min da janareta kafin ya fita, ya kuma jaddada min a bar ƙofar baya a buɗe. Fahad yana gidan Juliana wurin wasa. Bayan azahar sai mutumin nan ya cinna wa shararsa wuta, iska ta kwaso hayaƙin ta ƙofar bayan har falo. Ina kallo fitila ta yi ruwan ɗorawa, ta doshi ja. Raina ya ɓaci. Na tashi na rufe ƙofar bayan, na sa sakata, har na samo tsumma na toshe ƙasanta. Ban tsaya tunanin abin da na rufe a ciki tare da ni ba. Hankalina duk yana kan hayaƙin da nake gani.

Injin ya yi ta aiki, can sai fitila ta dawo kore. Na ji daɗi, Yaya, har na yi hamdala. Ba a jima ba kaina ya fara sarawa, zuciyata tana tashi, ƙafafuna suka yi nauyi. Na dubi fitila, kore. Na ce to zafi ne da nauyin ciki. Jikina yana faɗa min gaskiya ina ƙaryata shi saboda akwati bai yarda ba. Na ce bari na ɗan kishingiɗa a kan kujera. Iyakar abin da na sani ke nan.

Sauran a bakin Juliana na ji. Ta dawo da Fahad wajen la'asar, ta yi ta bugun ƙofa shiru, ga ƙarar janareta tana fitowa daga cikin gida kuma ko'ina a rufe. Ta ce nan take ta gane. Ta ƙwala wa Davou kira ya zo ya ɓalle ƙofar da taɓarya, suka jawo ni waje kamar buhu, suka sa ni a mota. Ban san da bakin da zan gode wa mutanen nan ba.

Likita ya yi min bayani bayan an cire min robar iska daga hanci. Ya ce a hayaƙin janareta akwai wata guba da ba ta da launi ba ta da wari, ba ta cikin abin da injina yake gani balle ya tace. Injin ya kwashe baƙin hayaƙin ya nuna min kore, gubar kuwa tana nan tana taruwa. Ya ce da an ƙara jimawa da sai dai wani labarin.

Na tambaye shi ɗan fa. Kin ga lokacin da nas take yawo da abin sauraro a kan cikina tana nema, kin ga fuskata, ba sai na faɗa miki ba. An samu bugun zuciyar. Amma ya ce min, lokacin kin fita alwala, gubar nan ta fi kama ɗan ciki fiye da uwar, kuma ta fi daɗewa a jikinsa. Ya ce ko ta taɓa wani abu ko ba ta taɓa ba, hoton ciki ba zai nuna ba. Sai an haihu, sai an ga yadda girma ya tafi.

Kin ji, Yaya. Na bar sana'ata, na ɓata da maƙwabta, na faɗa miki maganar da ba ta dace ba, duk don na tsare ɗan nan daga hayaƙi, sai ga shi da hannuna na sa sakata na ba shi wanda ya fi duka muni. Abban Fahad ya daina cin abinci, wai shi ya shigo da janaretan. Ni na ce ni na rufe ƙofa. Haka muke zaune kowa yana jan laifin zuwa kansa, an rasa mai rarrashin wani.

Motsin ya ragu. Yana yi, amma ba kamar da ba. Ina kwanciya ta gefen hagu kamar yadda suka ce, na ɗora hannu ina jira. In ya yi shiru da yawa sai na sha ruwan sanyi na ce don Allah taɓa ni ko sau ɗaya ne.

Ki roƙa min Allah, ki sa Malam ma ya roƙa, addu'ar mara lafiya ba ta faɗuwa.

'Yarki,
Munira.


Unguwar Yalwawa, Dutse.
Watan Muharram.

Zuwa ga Yaya Safiyatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa da fatan alheri. Yaya damina, an samu shuka ta kama? Na ji jikin Malam ya sake tashi a daidai lokacin da nake haihuwa, shi ya hana ki zuwa. Wallahi ban riƙe ki da komai ba. Allah ya tashi kafaɗunsa.

Abban Fahad ya sanar da Bilki ta waya cewa mace aka samu, kuma kin ji an sa mata sunanki. Shi ya zaɓa, ni kuma na ce ko bai zaɓa ba ni zan roƙa. Muna kiranta Ummi. Abin da ba a faɗa muku ba shi zan faɗa miki.

Bakwaini ta so zama, Allah ya kai ta wata takwas. Naƙudar ba ta yi tsawo ba. Da ta faɗo sai na ji shiru. Kin san yadda ɗakin haihuwa yake da hayaniya, to sai kowa ya yi tsit, na ga sun ɗauke ta da sauri zuwa wani teburi sun juya min baya. Na ɗaga kai na hango ƙafarta, 'yar mitsitsiya, ba ta motsi.

Yaya, watanni na yi ina roƙon Allah kada ya ba ni wani ɗan irin Fahad. A kan sallaya na roƙa, a bakin murhu na roƙa, wani lokacin yaron yana zaune a gefena yana wasa da gefen hijabina. A kan gadon nan kuwa ban san lokacin da bakina ya juya ba. Cewa nake ya Allah ba ni ita a yadda take. Ko ba za ta taɓa cewa uffan ba, ko sai na goya ta har tsufana, ka bar min ita. Da ƙarfi nake faɗa, ungozoma tana cewa na yi shiru na ƙi.

Sai ta yi wani ɗan kuka siriri kamar na 'yar mage. Ban taɓa jin abin da ya kai shi daɗi ba.

Ta yi kwanaki a kwalba kafin su ba mu ita, shi ya sa ba a yi taron suna ba, an dai raɗa mata a masallaci an yanka rago. Yanzu muna gida. Tana kama nono, ba da ƙarfi ba amma tana kamawa. Rigunan da na tanada duk sun yi mata yawa, sai naɗe hannun nake yi. Ƙanwar Abban Fahad ce take dafa min ruwan wanka, can a waje bayan katanga, tana yi tana mita wai jegon 'yan gayu. Janaretan an mayar da shi inda aka samo shi. Injin yana aiki in an kawo wuta, amma na juya fuskarsa bango, in kuma ruwa ya sauka na buɗe tagogi duka.

Ranar da za a sallame mu na sake tsare likita da tambayata. Ya ce ba zai yi min ƙarya ba, bai sani ba. Sai ta kai lokacin zama, da rarrafe, da magana, a nan za a gani. Ya ce na riƙa kawo ta ana dubawa, na riƙa yi mata hira da waƙa ita da yayanta, kuma ya haɗa mu da wata mai koya wa yara magana saboda Fahad. Mun fara zuwa. Har yanzu dai "Abba" ne da "ruwa". Da na dawo gida ranar nan na ɗauke shi na rungume har ya fara ture ni, bai san haƙurin me nake ba shi ba.

Ba zan ce miki tsoro ya tafi ba. In ta yi barci ya yi nisa sai na kai yatsa ƙarƙashin hancinta. In tabarma ta faɗi ko ƙofa ta buga sai na duba ko ta firgita. Na san haka zan yi ta yi shekara biyu ko uku, wataƙila fiye.

In jikin Malam ya lafa, ki zo ko kwana ɗaya ne kafin mu yi arba'in. Amma in kin zo kada ki duba ta da idon neman wani abu, kada ki tambaye ni ko za ta yi magana, ban sani ba, kuma na daina yi wa Allah sharaɗi. Ki zo ki karɓe ta kawai ki ɗora a ƙirjinki. Ba ta da nauyi ko kaɗan, Yaya, amma da ɗuminta, kuma tana numfashi.

A gaida Malam, a gaida Bilki. Takwararki tana gaishe ki.

Ni ce ƙanwarki,
Munira.